Wai tumbin ɓera yana sabunta kansa, to ina ruwan mai gyambon ciki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimi ku fitar da ni daga duhu. Shekarata shida ke nan ina fama da ulsa. Jiya maƙwabciyata ta kawo min wani gari a 'yan ledoji masu ƙyalli, wai sitem sel ne, ana zubawa a ƙarƙashin harshe safe da yamma, wai yana sake wa mutum sabuwar fatar ciki. Ta ce har a jikin ɓeraye an gwada an gani. Kuɗin kwali ɗaya ya kai rabin albashina. Kafin in taɓa kuɗin adashena nake so in ji ta bakinku.

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam Hajiya. Saya kawai, ba za ki yi da-na-sani ba. Ni ma ina harkar. Daga tuffa da inabi ake haɗa shi, babu sinadarin Bature ko ɗaya a ciki. Mutum nawa na ba su suka dawo suna sa min albarka.

Hadiza: Anti sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Riƙe kuɗinki tukuna. Maganar ɓerayen gaskiya ce, sai dai an ciro ta daga inda take an liƙa ta a jikin kwalin da ba nata ba. Ni digiri na uku nake yi, kuma tumbin ɓera shi ne abin da nake tsagawa kusan kullum, don haka ku yi haƙuri in na yi tsawo.

Fatar cikin tumbi ba sumul take ba. In aka sa ta a madubin ƙara girma, za a ga cike take da ƙananan ramuka masu zurfi, kamar rijiyoyi a jere. Bangon kowace rijiya ƙwayoyin halitta ne, kuma kowane rukuni da aikinsa. Na bakin rijiya majina suke fitarwa mai yauƙi, ita ke hana asid cin naman tumbin. Na tsakiya su ke yin asid ɗin kansa. Na can ƙasa kuma su ke fitar da sinadarin da ke narkar da irin su nama da ƙwai. A 1993 wasu masana biyu, Sherif Karam da Charles Leblond, a jami'ar McGill ta Kanada, suka auna tsawon ran kowane rukuni a jikin ɓera. Na bakin rijiya kwana uku kacal suke yi su mutu su zube. Masu yin asid kamar kwana 54. Na ƙasa kusan kwana 194, wato sama da wata shida.

To tunda kullum ana mutuwa amma fatar ba ta ƙarewa, dole akwai masu haihuwa. Su ne ake ce wa sitem sel, ni dai ina ce musu ƙwayoyin tushe. Ƙwaya ce da ba ta kama sana'a ba, aikinta ta rabu biyu, wani ɓangaren ya ci gaba da zama tushe, wani ya tafi ya koyi aiki. Kina da su a tumbinki yanzu haka Anti, ba saya kika yi ba.

Malam Nura Kemis: Hausa dai ta haɗa mu da aiki. Ƙwayar halitta, ƙwayar cuta, ga kuma ƙwayar da nake sayarwa a shago. Malama Hadiza riƙa bambancewa kar a kama ni.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kusu muke ce wa ɓera. Tambayata ita ce, ta ƙaƙa aka san wannan ƙwayar ce uwa? Ai ba a rubuta mata a goshi ba.

Hadiza: Malam, rini ake yi mata. A 2010 Nick Barker da Hans Clevers, a cibiyar Hubrecht da ke Utrecht a ƙasar Holan, suka yi amfani da wasu ɓeraye da aka sauya musu ƙwayoyin gado. Akwai wata alama da ake kira Lgr5, wadda suka fara ganowa a hanji a 2007. Sai aka tsara ɓeran yadda in an yi masa allurar wani magani, duk ƙwayar da ke ɗauke da wannan alamar za ta kama rini, kuma rinin gado ne, 'ya'yanta da jikokinta duk da shi za a haife su. Kwana ɗaya bayan allura, in an duba ƙasan tumbi wajen mashigar hanji, ɗigon shuɗi ɗaya ake gani a gindin rijiya. Bayan kamar kwana goma, shuɗin ya hau tun daga gindi har baki. Bayan sama da shekara guda, yana nan bai kau ba. Da ƙwayar ma'aikaciya ce kawai, da ta mutu ta tafi da rininta. Tunda shuɗin ya ƙi ƙarewa, ita ce uwa.

Ranar da na fara ganin irin wannan da idona ba zan manta ba. Tumbin duka bai wuce babban wake ba. Na tsaga shi ta bayansa, na wanke dusar abincin da ke ciki, na shimfiɗa shi na kafe da ƙananan allurai, hannuna na rawa don kar ya yage. Na bar shi ya kwana a ruwan rini. Da safe ko shayi ban sha ba na tafi. Da na leƙa madubi sai ga zare-zaren shuɗi tsaye cikin farin nama, kamar an tsoma su a marinar Ƙofar Mata. Sai da na yi tasbihi a fili, abokiyar aikina ta ɗauka wani abu na fasa.

Dakta Sadiq: Ƙanwata Hadiza, bayaninki ya yi, amma bari in ɗan ja birki, domin irin wannan daɗin bakin ne 'yan kasuwa ke tsinta. Ɓera ba mutum ba ne. Wani babban ɓangare na tumbinsa ma ba ya yin asid, wata busasshiyar jaka ce ta ajiyar abinci da mu ba mu da ita. Ɓera ba ya amai. Asid ɗinsa bai kai namu ƙarfi ba. Sinadarin da ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin B12, a mutum masu yin asid ne ke fitar da shi, a ɓera kuwa na gindin rijiya ne. Shekara biyu yake yi a duniya, a keji mai tsabta, yana cin abinci iri ɗaya. Marar lafiyar da ke zuwa wurina shekararsa hamsin, ya sha ruwan rijiya da na leda, ya haɗiyi maganin ciwon jiki babu adadi. Sau nawa aka warkar da ɓera daga cuta, da aka zo kan mutum abin ya watse?

Hadiza: Yaya Dakta ban musa ko ɗaya ba. Amma ba a tsaya a kan ɓera ba. Mutum ba a iya sauya masa gado don a rina shi, shi ya sa ake fara koyo a ɓera sannan a je a nemi irinsa a naman da aka yanko lokacin tiyata. A 2020 ɗakin binciken Barker a Singafo ya samo wata alama, AQP5, da ke kan ƙwayoyin tushe na ƙasan tumbi a ɓera da mutum duka, har aka iya ware na mutum. Kuma yanzu ana ɗaukar ƙwayoyin tumbin mutum a raina su a faranti, su girma su zama 'yan ƙananan ƙwallaye masu rami a ciki, a zuba musu ƙwayar cuta a ga yadda za su yi. Wannan dabarar a hanji da tumbin ɓera aka koye ta.

Dakta Sadiq: Na yarda an koyi dabara. Abin da nake so mutanen gidan nan su ji shi ne, har yau ban taɓa rubuta wa mai ulsa wani magani da ya fito daga wannan binciken ba. Abin da ya sauya aikinmu daga wani wuri ya zo. Barry Marshall da Robin Warren, a Perth ta Ostireliya, su suka nuna cewa bakteriya ce mai suna Helicobacter pylori, H. pylori a taƙaice, ke haddasa yawancin gyambon ciki. An ƙi yarda da su, har Marshall ya kwankwaɗi ruwan bakteriyar da kansa a 1984, cikinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Maman Ilham, cikin shekara shidan nan an taɓa yi miki gwajin wannan ƙwayar cutar?

Maman Ilham: Wallahi Likita ba a taɓa ba. Duk inda na je sai a ce yunwa ce, in daina jinkirin karin kumallo, in bar yaji da tsami. Omeprazole kuwa na sha har na haddace kwalinsa. In abin ya motsa da dare sai in jiƙa kanwa ko in sha madara.

Dakta Sadiq: Kin ji ko. Yunwa tana tayar da zafin, amma ba ita ke haƙa gyambon ba. Madara tana kwantar da shi na ɗan lokaci, daga baya ta sa a ƙara zubo asid. Kanwa kuma ki rabu da ita.

Malam Nura Kemis: Tunda an zo nan bari in faɗi laifinmu. 'Yan dako da masu tuƙa Keke da leburorin gini, da magariba layi suke yi a ce a ba su haɗi. A haɗa diclofenac da ibuprofen, wani ma har da piroxicam, mutum ya watsa su baki ɗaya da ruwan leda, cikinsa babu komai tun koko. Akwai wani mai turin kura da na sani, ƙato ne, kullum sai ya sha. Ran nan aka kawo shi a kwance, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Tun daga ranar na daina haɗawa, na rasa kwastomomi da yawa, suna komawa shagon gaba.

Hadiza: Malam Nura abin da ka faɗa ya shiga maganar kai tsaye. Waɗannan magungunan suna toshe sinadarin da ke sa a fitar da majina a kuma kawo jini bangon tumbi. Ƙaramar ƙujewa tumbi yana rufe ta cikin ɗan lokaci, ƙwayoyin gefe ne ke jan jiki su lulluɓe wurin tun kafin a haifi sababbi. Gyambo mai zurfi ne ke buƙatar haihuwa. Mai ulsa ba ƙwayoyin tushe ya rasa ba. Magini yana nan yana ta yaɓe, wani ne ke bin bayansa da ruwa yana zubawa a katangar.

Alhaji Bala: Duk wannan turanci ne. Ni shaidu gare ni. Kuma ai da sitem sel ake warkar da sikila, ko shi ma ƙarya ne?

Dakta Sadiq: Ranka ya daɗe ba ƙarya ba ne, amma ba a leda yake zuwa ba. Dashen ɓargo ne. Sai an samu wanda jininsa ya dace, yawanci ɗan'uwa na ciki ɗaya, a kashe ɓargon marar lafiyar da magani mai ƙarfi, a zuba masa rayayyun ƙwayoyi ta jijiya, ya yi makonni a keɓe a asibiti. A Najeriya a Benin aka fara yinsa a 2011. Batun shaidu kuwa, ciwon ulsa dama tafiya yake yana dawowa. Duk abin da mutum ya sha ana gobe zai lafa, shi zai yi wa godiya.

Hadiza: Alhaji da girmanka, ƙwayar tuffa tuffa take haifa. Wadda aka busar aka niƙa kuma ta mutu. Ko da ranta aka haɗiye ta, tumbi narkar da ita zai yi kamar yadda yake yi wa tuwo. Mu da muke raina na ɓera a faranti, sai da ɗumi daidai na jiki, da abinci na musamman da ake sauyawa duk bayan kwana biyu ko uku. In wuta ta ɗauke a na'urar ɗumin na tsawon lokaci, aikin wata guda ya tafi.

Alhaji Bala: Ai shi ya sa ake sa shi a ƙarƙashin harshe, ba ya bi ta tumbi.

Malam Nura Kemis: To Alhaji in bai bi ta tumbi ba, ta ina zai je ya yi yaɓen?

Malam Habibu: Ni wani gefen ya dame ni. Na san ɓera yana cikin dabbobin da shari'a ta ba da izinin kashewa saboda ɓarnarsu. Amma izinin kisa daban, azabtarwa daban. Waɗannan da ake yi wa allura ana lalata musu ciki da gangan fa?

Hadiza: Allah ya gafarta Malam, tambayar tana wurinta. Ba na taɓa ɓera sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince a rubuce, da adadin da zan yi amfani da shi da dalilin kowanne. Ana auna nauyinsu, wanda ya rame ya wuce iyaka dole a hutar da shi ko gwajin bai ƙare ba. Ba zan ce maka ba sa jin komai ba. Ni kaina akwai ranakun da nake fita ba na son magana da kowa.

Amma ta wannan lalatawar aka gano abin da ya fi ba ni mamaki. A babban ɓangaren tumbi, inda ake yin asid, ƙwayoyin tushe na yau da kullum ba a gindin rijiya suke ba, suna can sama wajen wuyanta, suna tura 'ya'ya sama da ƙasa. To akwai maganin kansar nono, tamoxifen, wanda in an ba ɓera da yawa yake kashe kusan duk masu yin asid cikin kwana uku. Sai a ga waɗancan tsofaffin na gindi, masu wata shida, da kowa ya ɗauka sun gama girma ba za su sake haihuwa ba, sun cinye kayan aikin da ke cikinsu, sun koma kamar yara, sun fara rabuwa. Cikin mako biyu zuwa uku tumbin ya koma yadda yake. Ɗakin binciken Clevers ya nuna a 2013 cewa wasu daga cikinsu, masu alamar Troy, dakarun ajiya ne. Jason Mills a Amurka ya bi matakan wannan komawa baya ɗaya bayan ɗaya, har ya raɗa mata suna a 2018. Ba kowa ya yarda ba fa. Ɓangaren Timothy Wang a jami'ar Columbia ta Amurka suna ganin na wuyan rijiya ne ke yin aikin, kuma an daɗe ana kai ruwa rana a kan haka a mujallu da taruka.

Ɗan Maraɗi: Ikon Allah. Tsoho ya koma yaro ya yi aiki. To ai wannan alheri ne zalla.

Hadiza: In sau ɗaya ne ko sau biyu. Matsalar ita ce in ɓarnar ba ta tsaya ba. Duk rabuwar ƙwaya sai an kwafi littafin gadonta, kuma mai yawan kwafi ba ya rasa kuskure. Ƙwayar bakin rijiya in ta yi kuskure, kwana uku ta zube da shi. Ta tushe in ta yi, duk zuriyarta sun gada. An nuna a ɓera cewa in aka lalata wata ƙwayar gado mai taka birki a cikin masu alamar Lgr5, ƙari ke fitowa. Ita kuma H. pylori ba a saman majina kawai take tsayawa ba. Masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna a 2015 cewa tana gangarawa har gindin rijiya, ta zauna kusa da ƙwayoyin tushe, ta sa su yawaita rabuwa.

Alhaji, ga wani da ya shafi maganar ɓargo da kuka yi da Dakta. A 2004 JeanMarie Houghton da Wang suka ba da rahoton ɓerayen da suka daɗe da wata 'yar'uwar wannan bakteriyar. Ƙwayoyi daga ɓargo suka taso suka zauna a bangon tumbin da ya gaji, kuma daga cikinsu ne ciwon daji ya fara. A ɓera aka ga wannan, ban ce mutum ba. Amma ko da garinka yana ƙara ƙwayoyin tushe da gaske, ni ba zan so a ƙara min su a kan ciwon da ba a kashe ba.

Dakta Sadiq: A nan kam mun haɗu. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa H. pylori a sahun farko na masu jawo ciwon daji. Sai dai kar hankalin mutane ya tashi, yawancin masu ɗauke da ita har su mutu ba ta yi musu komai. Kuma abin ya shafe mu kusa. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya auna jinin mutane ya tarar sama da kashi 80 cikin 100 sun haɗu da ita, da yawa tun suna yara. Amma bai ga kansar tumbi da yawa kamar yadda ake gani a Japan ba. A 1992 ya rubuta a kan haka, ya kira lamarin abin ɗaure kai na Afirka. Wasu suka ce irin bakteriyar ne ya bambanta, wasu suka ce tsutsar ciki ce ke sauya yadda jiki ke faɗa da ita. Ni dai a raina na fi karkata ga masu cewa ba ma dubawa ne. Mutum nawa a ƙauye aka taɓa zura wa kyamara a ciki? Ya rame, ya yi ta amai, ya rasu, a ce sammu ne.

Hadiza: Batun tsutsar ma a ɓera aka gwada shi, Yaya Dakta. Ka ga ɓeran nawa ya sake shigowa.

Dakta Sadiq: Ya shigo, amma har yanzu bai ba ni takardar magani ba.

Alhaji Bala: Ku dai 'yan boko ba ku son ganin talaka ya samu sana'a. Wanda ya yarda ya same ni ta akwatin sirri.

Admin: Alhaji a yi haƙuri, dokar gida ta hana talla. Muhawara kuma a ci gaba cikin mutunci.

Maman Ilham: Likita to yanzu me zan ce musu in na je asibiti? Kar in je a sake ce min yunwa ce.

Dakta Sadiq: Ki ce kina so a yi miki gwajin H. pylori na bayan gida ko na numfashi. Na jini yana nuna an taɓa haɗuwa da ita ne kawai, ba ya tabbatar da tana nan. Sai kin yi mako biyu ba ki sha omeprazole ba, da mako huɗu ba maganin kashe bakteriya, in ba haka ba gwajin zai iya cewa babu alhali akwai. In an same ta, magani ne haɗe na kwana 14, yana da ɗaci a baki, kar ki yanke shi don kin ji sauƙi, kuma a sake gwaji bayan wata guda. Ki faɗa wa likitan duk maganin ciwon jiki ko na al'ada da kike sha. Amma in kin ga baƙin bayan gida, ko amai da jini, ko kina ramewa, ko abinci yana tsaya miki, kar ki jira mako biyun, ki tafi a ranar.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ke ma Hadiza Allah ya ba da sa'ar karatu. Na mayar mata da kwalin yanzu. Sai dai leda ɗaya na riga na farke jiya don in sansana, ta ce wannan kam sai na biya.

Ɗan Maraɗi: Tunda kin biya, ki zuba wa kusun ɗakin girkinki mu ga ko zai yi sabon tumbi.

Hadiza: A'a Malam, kwamiti bai sa hannu ba.